δ ɗina ya fito 0.18: ko na gano sabon rukuni ne?

Tambaya: Malam, ina gwada DP (directed percolation), wato ratsawa mai alƙibla, inda ɗigo mai rai ke yaɗa rai ga maƙwabtansa taku bayan taku ko ya mutu, a kwamfuta: latis (ragar ɗigogi) mai kusurwa huɗu, girma L = 100, na sa p, wato yiwuwar rai ya ratsa kowace mahaɗa, a kan 0.64. Raguwar ɗigogi masu rai ta ba ni δ, ma'aunin saurin raguwarsu da lokaci, 0.18 maimakon 0.159 da aka sani ga DP. Abokina ya ce sabon rukuni ne, wato tsari mai ma'auni daban da na DP, in aika wa mujalla. Ni kuma gabana sai faɗuwa yake, kada shirin nawa ne ke da kuskure.

Amsa: Kwantar da hankalinka, shirin naka mai yiwuwa lafiya ƙalau yake. Abokin ne ba zan ce haka a kansa ba.

Matsalar farko, 0.64 ba ita ce iyakar ba, wato p_c, ƙimar p da ke tsakanin mutuwar komai da ɗorewar rai, inda ake auna δ. Ga DP na mahaɗai a wannan latis, p_c tana wajen 0.6447. Kana ƙasa da ita, don haka layin zanen raguwar dole ya sunkuya, gangarensa ya yi tsanani. Ga kuma girman: tsawon lokacin da za ka iya amincewa da sakamako yana tafiya ne kamar L^z, z kusan 1.58. Da L = 100, bayan taku dubu da ɗoriya komai zai fara mutuwa, kuma a DP wanda ya mutu ba ya tashi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan ɗabi'a ta ɗora rula a kan zanen log-log (mai ma'aunin logarithm a gefe biyu), a ga layi ya miƙe na ɗan guntun wuri, sai a ce an samu ma'auni. Kowane lanƙwasasshen layi miƙaƙƙe ne idan ka yanko guntunsa. Janssen a 1981 da Grassberger a 1982 sun yi hasashen cewa tsarin da ke da halin mutuwa guda ɗaya, hulɗarsa ta kusa, ba shi da wata daidaitawa ta musamman ko tarkacen da ya daskare a ciki, DP zai zama. Naka DP ne tun daga suna! Amma ga mujallun da za su buga maka "sabon rukuni" muddin kuɗin bugawa ya shiga. Ka duba, sai 2007 Takeuchi da abokansa a Tokyo suka nuna DP a gwaji na zahiri da ruwan kristal, bayan shekaru ana nema.

Ka ɗaga L zuwa dubbai, ka zana t^0.159 (t shi ne lokaci) sau yawan masu rai a p = 0.644, 0.6447 da 0.6455. Ɗaya zai sunkuya, ɗaya zai ɗaga kai, na tsakiya ya kwanta. Sannan ka sake aiko mini da δ.