Gyaran ƙwayar halitta yana warkar da sikila? Ga yadda abin yake

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ƙanwata mai shekara 14 tana da sikila, SS ce. Mun ji a rediyo cewa Turawa sun samo hanyar gyara ƙwayar halitta, mutum ya rabu da ciwon har abada. Gaskiya ne? Allura ce ake yi? Kuma idan an yi mata, 'ya'yanta sun tsira ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Labarin gaskiya ne, amma ba allura ɗaya ba ce, kuma ba ya hana gado.

Sunan maganin Casgevy. Hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta amince da shi a Nuwamba 2023, ta Amurka ta biyo baya ranar 8 ga Disamba na shekarar, ga masu shekara 12 zuwa sama da ciwon ke yawan kwantarwa. A gwajin da aka dogara da shi, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla wata 12 a jere ba tare da mummunan tashin ciwo ba. Duk wanda ya taɓa kwana a gaban gadon mai sikila yana matsa masa ƙafa ya san nauyin wannan adadi.

Tushen sikila harafi ɗaya ne a cikin DNA, wato rubutun gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, wanda ke ƙunshe a ɗauri-ɗauri da ake kira kuromosom. A kan kuromosom na 11 akwai ƙwayar gado mai suna HBB, wadda ke ɗauke da umarnin ƙera wani sashe na himogulobin, sinadarin da ke dakon iskar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini. Inda ya kamata a karanta GAG sai ya zama GTG. Da zarar oksijin ya ragu, irin wannan himogulobin sai ya harhaɗe ya sandare, ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje ta toshe ƙananan jijiyoyi. Daga nan ciwon ƙashi yake fitowa, da lalacewar saifa, da shanyewar ɓarin jiki.

Casgevy ba ya taɓa wannan harafin ko kaɗan, zagaye shi yake yi. Tun 1948 wata likitar yara a Amurka, Janet Watson, ta lura cewa jinin jarirai masu sikila ba ya saurin lanƙwashewa. Dalili kuwa, ɗan tayi yana da nasa himogulobin daban, HbF, wanda ba ya harhaɗewa, har ma yana hana na sikila yin hakan. Bayan haihuwa jiki yakan rage ƙera shi, shi ya sa yawancin iyaye ba sa ganin kumburin hannu da ƙafa sai wajen wata shida. Shi ya sa kuma sikilar mutanen gabashin Saudiyya da wasu sassan Indiya ta fi tamu sauƙi: HbF ɗinsu yana saura da yawa har su girma.

Mene ne ke kashe HbF? An gano amsar a 2007 da 2008, lokacin da aka kwatanta DNA na dubban mutane aka ga bambancin yana komawa ga ƙwayar gado BCL11A a kuromosom na 2. A 2011 aka kashe ta a jinin ɓeraye masu sikila, ciwon ya kau. Kayan yankan DNA kuma daga bakteriya aka aro shi. A 2007 masu bincike a kan bakteriyar da ake haɗa yogot da ita suka nuna cewa tana adana guntayen DNA na bairos ɗin da ya taɓa kai mata hari, ta gane shi da su in ya dawo ta datse shi. A 2012 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka nuna ana iya aika wannan makami, CRISPR-Cas9, ya yanka duk inda aka nuna masa, kuma suka sami kyautar Nobel a 2020.

Yanzu ga yadda ake yi wa marar lafiya. Ana dakatar da hydroxyurea, maganin da masu sikila ke sha kullum, a yi ta ƙarin jini ko musanya shi na aƙalla mako takwas har HbS, wato himogulobin na sikila, ya sauka ƙasa da kashi 30 cikin 100. Sai a ba da maganin plerixafor don ya koro iyayen ƙwayoyin jini daga ɓargo zuwa cikin jini, na'ura ta tace su. Ba a amfani da maganin G-CSF da aka saba bai wa wasu don wannan aikin, domin yana tayar wa mai sikila da ciwo mai tsanani. Ana buƙatar a ƙarshe a sami aƙalla gyararrun ƙwayoyi miliyan 3 a kan kowane kilo na nauyin jiki, ga wasu da za a ajiye ba a taɓa ba saboda ko dashen ya ƙi kamawa. Ɓargon mai sikila ya sha wahala, don haka sau da yawa sai an maimaita tatsar. A ɗakin bincike, don HbF ya dawo, a sa CRISPR ya yanke wani ɗan yanki da ke kunna BCL11A a jajayen ƙwayoyin jini kaɗai, tunda sauran sassan jiki suna buƙatarta. Wannan aiki da gwajin ingancinsa kan ci har wata shida.

Mataki na gaba shi ne mafi haɗari, kuma shi ne rediyo ba ya faɗa. Dole a share tsohon ɓargo da busulfan, maganin ciwon daji mai ƙarfi, na kwana huɗu, sannan a ɗura gyararrun ƙwayoyin ta jijiya. Daga nan mutum zai yi mako huɗu zuwa shida a keɓe a asibiti ba shi da garkuwar jiki. Baki da maƙogwaro su yi gyambo, gashi ya zube, ƙaramin zazzaɓi ya zama abin gaggawa. Busulfan yakan kashe haihuwa ga mace da namiji, don haka ake ba da shawarar adana ƙwai ko maniyyi tun kafin a fara. Ga yarinya mai shekara 14 wannan ba ƙaramar magana ba ce. Akwai kuma yiwuwar yankan ya faɗa inda ba a nufa ba, shi ya sa ake bibiyar waɗanda aka yi wa har shekara 15. Kuɗin maganin kaɗai a Amurka dala miliyan 2.2 ne, ban da asibiti.

Batun 'ya'ya: ɓargo aka gyara, ba ƙwan haihuwa ba. Duk ɗan da za ta haifa zai karɓi S daga gare ta. In mijin AA ne, duka AS za su zama. In AS ne, kowane ciki rabi da rabi ne tsakanin AS da SS.

Ina roƙonku kada jiran wannan ya sa ku saki abin da ke hannu. Hydroxyurea ma HbF yake ɗagawa, ga araha, kuma binciken da aka yi a Kano da Kaduna ya nuna amfaninsa wajen kare yaran da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Sharaɗinsa a sha kullum bisa awon likita, a riƙa ƙirga ƙwayoyin jini, kuma a gaya wa likita kafin ɗaukar ciki. A yi mata hoton gudun jinin ƙwaƙwalwa na TCD, wanda ake so duk shekara daga shekara 2 zuwa 16. A haɗa da gidan sauro da rigakafin zazzaɓin cizon sauro, da yawan shan ruwa, da kai ta asibiti ran da zafin jiki ya kai digiri 38.5.

In ciwon ya yi tsanani, ku tambayi likitan jini batun dashen ɓargo daga ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya wanda gwajin HLA ya nuna sun dace. Kowane ɗan'uwa yana da damar ɗaya cikin huɗu, kuma mai AS ma yana iya bayarwa. An fara yin wannan dashe a Najeriya a 2011 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin. Wanda kuwa ya kawo muku kwalba ko allura ya ce tana mayar da SS zuwa AA, cutarku zai yi. Idan an nuna muku takardar gwaji a matsayin hujja, ku tambaya ko an yi wa mai ita ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce, domin jinin da aka ƙara yana sa SS ya fito kamar AS.