Hayar ɗakuna a gidan zama: wa ke ɗaukar asara?

Tambaya: Ina zaune a gidana a Zariya, kuma ina so in ba ɗalibai hayar ɗakuna biyu. Idan gobara ta tashi ko katanga ta rufta wa ɗan haya, shin za a kama ni da laifi? Daga wata mai karatu.

Amsa: Hajiya, yana yiwuwa ƙwarai. Idan kotu ta gano cewa sakacin mai gida ne ya jawo haɗarin, kamar barin wayar lantarki da ta lalace ko bangon da ya tsage bayan an sanar da shi, za ta iya umartarsa ya biya diyya. Dokar Inshora ta 2003, a sashe na 65, ta sanya gidan da ɗan haya ke ciki cikin gine-ginen da dole a yi wa inshora saboda rushewa, gobara da ambaliya, kuma sabuwar dokar 2025 ba ta janye wannan tilas ba, ko da yake masu gidaje kaɗan ne suke kula da shi.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne ki shaida wa kamfanin inshorar a rubuce cewa akwai 'yan haya, domin ɓoye hakan na iya sa su ƙi biya ranar da aka shiga uku. Idan kina gudun riba, akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, da NAICOM, hukumar kula da inshora ta ƙasa, ta yi wa rajista. Ki kuma rubuta yarjejeniya da 'yan hayar gaban shaidu, a fayyace wanda gyara ya rataya a wuyansa.