Ɗigo guda da ya hana Zinder fitowa a wayar Santambul

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a unguwar Birni, nan Damagaram. Na haɗa wa kawuna ƴar manhajar Android da Java, harshen rubuta manhaja, ta lissafin dilolin tufafi da ake aiko masa daga Santambul. A wayoyinmu lafiya lau take. Amma wakilinsa na can, wani Baturke, in ya rubuta AGADEZ ko DOSSO ko TAHOUA kaya su fito, in ya rubuta ZINDER ko MARADI sai ta ce babu. Kawu har ya fara cewa baki aka yi wa garinmu. Wayar mutumin ce ta lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce wa kawu ya kwantar da hankalinsa, ba wanda ya yi wa Damagaram baki, wayar bawan Allah kuma ƙalau take. Sake duba sunayen da ka lissafo. Waɗanda suka ƙi fitowa duk akwai I a cikinsu, waɗanda suka fito babu. Ka sa shi ya gwada NIAMEY da DIFFA, su ma ba za su fito ba.

A 1928 Mustafa Kemal Atatürk ya sauya wa Turkanci rubutu, daga baƙaƙen Larabci zuwa na boko guda 29. A cikinsu akwai i iri biyu: mai ɗigo da marar ɗigo, kowane da furucinsa. Mu da Faransawa mun saba cewa i ƙarami babbansa I ne, shi ke nan. Su kuwa i ƙarami babbansa İ ne, da ɗigonsa a ka, I babba kuma ƙaraminsa ı ne, kai ba hula. Shi ya sa suke rubuta İstanbul da İzmir da ɗigo. Kada ka ɗauka ado ne. A wurinsu ılık ɗumi-ɗumi ne, ilik kuwa ɓargo. Bahaushe bai kamata ya yi mamaki ba, tunda lanƙwasa ƴar ƙarama ce ta raba baki da baƙi, ta raba kafa da ƙafa.

Ban ga abin da ka rubuta ba, amma na kusa rantsewa ka ajiye sunayen garuruwa da ƙananan baƙaƙe, sannan ka sa toLowerCase() ya ƙanƙantar da abin da mutum ya shigar kafin a gwama. A Java, in ka bar bakan nan () wayam, sai ya bi harshen da aka saita wayar a kai. Taka tana kan Faransanci, ZINDER ya koma zinder. Tasa tana kan Turkanci, sai ya koma zınder. Ido da ƙyar yake ganin bambancin, balle a ƙaramin allo da rana tsaka, amma a wurin na'ura ı da i lambobinsu daban ne, kamar jaki da doki. Harshen Azarbaijan ma haka yake yi.

Gyaran bai kai layi guda ba: rubuta toLowerCase(Locale.ROOT), wato a ƙanƙantar ba tare da bin harshen waya ba, a duk inda manhaja ke gwama kalma don aikinta na ciki, musamman adireshin imel. Mai suna IBRAHIM ko HADIZA zai iya kasa shiga asusunsa saboda wannan, ga mu kuma da ɗabi'ar rubuta suna da manyan baƙaƙe tun daga takardun lakkal. Masu Kotlin, wani harshen rubuta manhaja, sun gaji da wannan tarko har suka fito da lowercase() a 2021, wanda ba ruwansa da harshen waya.

Sai dai akwai sauran rina a kaba. Baturke in ya sake jiki, ZİNDER zai rubuta da İ ɗinsu, Locale.ROOT kuma zai mayar da shi i haɗe da wani ɗigo na daban a maƙale, nema ya sake faɗuwa. Ni da ni ne, ba zan bar kowa ya rubuta sunan gari da hannu ba. Garuruwan da kawu ke kai kaya nawa ne? Jera su, mutum ya taɓa wanda yake so.

Kafin ka aika masa da sabuwar, sauya harshen wayarka zuwa Türkçe ka gwada da kanka. Amma ka haddace hanyar komawa tukuna. Na taɓa yin rabin awa ina lalube a cikin saitin waya da Turkanci, ƴata tana gefe tana min dariya.