Kwamfutata ta ƙi karɓar Windows 11, ina mafita?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ina zaune a Mabera. Na sayi HP EliteBook 840 G3 ta hannu, na zo sa mata Windows 11 Home sai ta ce ba ta cika sharuɗɗa ba. Mai gyara ya ce zai iya cusa mata ita ko ta ƙi. In yarda?

Amsa: Ɗan'uwa, kwamfutarka lafiyarta lau, shekaru ne suka cim mata. Tun da Microsoft ya fitar da Windows 11 ranar 5 ga Oktoba 2021 ya gindaya sharuɗɗa: RAM aƙalla 4GB, wurin ajiya 64GB, sai TPM 2.0, wato ɗan guntun da ke adana makullan sirrin na'ura. Babban cikas ɗin shi ne firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. Idan ta Intel ce, sai zubi na 8 zuwa sama, ita kuwa G3 zubi na 6 ce. Gane wannan ba wuya: dubi lambar da ke bin i5 a sunan firosesar. Idan ka ga 6300U, na 6 ne. 8250U kuma na 8. Mai shirin sayen ta hannu ya duba wannan lamba kafin ya miƙa kuɗi.

Masu zubi na 8 da ita ma ta ƙi, galibi TPM ne a kashe. Su danna maɓallin Windows tare da R, su rubuta tpm.msc. In ta ce babu, su sake kunna na'urar suna danna F10 a HP ko F2 a Dell, su kunna TPM ɗin a BIOS, wato shafin saitin na'ura da zai buɗe.

Cusawar da mai gyara yake nufi da manhajar Rufus ake yi, kuma tana aiki. Sai dai Microsoft bai ɗauki alkawarin ci gaba da turo wa irin wannan na'ura gyare-gyaren tsaro ba. Windows 10 ma an daina tallafa mata ranar 14 ga Oktoba 2025, in ban da waɗanda suka shiga tsarin ESU na ƙarin gyare-gyaren tsaro, mai kaiwa 13 ga Oktoba 2026. Shawarata, ka shiga ESU ka gama firojet ɗinka cikin kwanciyar hankali, kana tara kuɗin EliteBook 840 G5 mai firosesa zubi na 8.

Tambaya: Daga Runjin Sambo. Tawa ta cancanta, amma data nawa zan tanada?

Amsa: 'Yar'uwa, fayil ɗin Windows 11 kaɗai ya haura 5GB, ga sabuntawa a bayansa, don haka ki tanadi 10GB. Fulash ɗin da za ki sa fayil ɗin a kai kuma kada ya gaza 8GB, kuma ki kwashe abin da ke cikinsa, domin goge shi za a yi. Windows 11 Home tana neman intanet da asusun Microsoft lokacin saitin farko. Ki cika batiri, ki bar caja a jone, don ɗaukewar wuta ana tsakiyar aiki kan hana na'ura tashi. Da zafin Sakkwato, ki yi da daddare a kan tebur, ba kan katifa ba, kada ta toshe mata iska. Idan ta Windows Update kika hau kuma ba ta yi miki ba, kina da kwana 10 ki koma Windows 10 ta Settings.