Amsa Ga Mai Koyon Aiki: Me Ya Sa Feroksayid Biyar Ne, Ba Bakwai Ba?

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa na soke ikweshan ɗin da ka rubuta wa haɗuwar famanganet (MnO₄⁻) da haidirojin feroksayid (H₂O₂) a cikin ruwan asid, alhali ka ƙirga atom na kowane sinadari ka tarar hagu da dama sun zo daidai, caji ma haka. Kai ka rubuta 2MnO₄⁻ + 7H₂O₂ + 6H⁺ → 2Mn²⁺ + 6O₂ + 10H₂O, ni kuma na ce wanda za mu yi aiki da shi shi ne 2MnO₄⁻ + 5H₂O₂ + 6H⁺ → 2Mn²⁺ + 5O₂ + 8H₂O. Ƙirgarka ba ta da aibi ko kaɗan. Matsalar ita ce, a haɗuwar da ake musayar elektiron, musamman idan feroksayid na ciki, ƙirgar atom kaɗai ba ta isa shaida ba.

Ka fara riƙe wannan. A cikin ruwa lambar oksijin, wato lambar da ke nuna elektiron nawa atom ya karɓa ko ya bayar, −2 ce, a cikin iskar O₂ kuma 0 ce, amma a cikin feroksayid, inda atom biyu na oksijin suke riƙe da juna, kowannensu −1 ne. Kamar mutum ne a tsakiyar tsani, yana iya hawa, yana iya sauka. Idan ya hau zuwa 0, feroksayid ya ba da elektiron ke nan: H₂O₂ → O₂ + 2H⁺ + 2e⁻. Idan ya sauka zuwa −2, karɓa ya yi: H₂O₂ + 2H⁺ + 2e⁻ → 2H₂O. Saboda haka kafin ka ɗora kowace lamba a gaban kowane sinadari, sai ka dubi abokin haɗuwarsa ka yanke hukunci a kan wanne daga cikin biyun nan zai faru.

Manganis ɗin da ke cikin famanganet yana kan +7, ba shi da sauran wurin hawa, karɓa kawai zai iya yi, kuma a ruwan asid elektiron biyar yake karɓa ya koma +2: MnO₄⁻ + 8H⁺ + 5e⁻ → Mn²⁺ + 4H₂O. Tunda haka ne, dole feroksayid ya zama mai bayarwa. Ɗaya yana ba da biyu, ɗaya yana karɓar biyar, inda za su haɗu shi ne goma. Ka ninka rabin ikweshan na feroksayid sau biyar, na famanganet sau biyu, ka haɗa su, za ka ga H⁺ goma sha shida a hagu da goma a dama, idan ka soke sai shida su rage a hagu. Daga nan 2 da 5 suka fito, ba daga gwaji da lalube ba.

Yanzu ka ɗebe nawa daga naka ka ga abin da zai saura: 2H₂O₂ → 2H₂O + O₂. Wannan rushewar feroksayid ce shi kaɗai, wadda take sa tsohuwar kwalba ta rasa ƙarfi, kuma babu ruwan famanganet da ita. Da yake ita ma daidaitacciya ce a karan kanta, kana iya ƙara ta sau nawa ka ga dama ka sami 7 ko 9 ko 11, kana ma iya rage ta ka sami 3 ko 1, duk ƙirga za ta yarda da kai. Masu 3 da 1 suna nufin wani ɓangare na iskar daga jikin famanganet ya fito, amma gwaje-gwajen da aka yi da oksijin mai nauyi, wato ¹⁸O, sun nuna cewa iskar gaba ɗaya daga feroksayid take fitowa. Ga hanyar dubawa mai sauri: a nan adadin O₂ dole ya yi daidai da adadin H₂O₂. Naka bakwai ne suka ba da shida.

Na tsananta a kan wannan ne domin da wannan lambar muke auna ƙarfin feroksayid da ake kawo mana, irin na kashi 3 cikin 100 da ake sayarwa a kemis, bayan mun tsarma shi da ruwa. A ce ka zuba mililita 25 a filas, ya cinye mililita 20 na famanganet mai ƙarfin mol 0.02 a lita (mol shi ne ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari). Famanganet mol 0.0004 ke nan. Da 2 da 5 za ka sami feroksayid mol 0.0010, da naka kuwa 0.0014, ƙarin kashi 40 cikin 100 wanda babu shi a kwalbar, kuma wanda ya karɓi sakamakon daga hannunka ba shi da hanyar ganewa.

Idan ka tsaya gaban biyuret, wato bututun gilashi mai ma'auni da ake ɗigo famanganet da shi cikin filas, ka sa ido. Ɗigon farko na shunayyan ruwan famanganet yakan ɗan jima kafin ya ɓace, amma da zarar Mn²⁺ ya fara taruwa sai launin ya riƙa ɓacewa nan take, ƙananan ƙwayoyin iska suna tasowa a jikin gilashi. Ka tsaya a lokacin da launin hoda mai haske ya zauna kamar daƙiƙa talatin. Asid ɗin salfa za ka sa, irin na ruwan batir, ba HCl ba, domin famanganet yakan ci kulorayid ɗin da ke cikin HCl shi ma. In ka ga ruwan ya yi duhu-duhu launin ƙasa, asid bai isa ba, MnO₂ ne ya fito. A wannan hali manganis elektiron uku kawai ya karɓa, ga shi kuma MnO₂ yana hanzarta waccan rushewar. Ka zubar ka sake, domin ikweshan ɗinmu ya daina bayyana abin da ke cikin filas.

Da ayodayid kuwa al'amarin juyawa yake yi, feroksayid ne mai karɓa: H₂O₂ + 2I⁻ + 2H⁺ → I₂ + 2H₂O. Ruwan zai koma launin ƙasa, in ka ɗiga sitaci ya zama shuɗi mai duhu, kuma O₂ ba shi da gurbi a wannan ikweshan. Idan aikin a ruwan soda irin ta yin sabulu, wato kishiyar asid, ake yin sa, kada H⁺ ya bayyana a amsarka, rabin da za ka rubuta shi ne H₂O₂ + 2e⁻ → 2OH⁻. Da shi kuromiyam yake hawa daga +3 zuwa +6, koren guntsi ya narke ya zama ruwan ɗorawa: 2Cr(OH)₃ + 3H₂O₂ + 4OH⁻ → 2CrO₄²⁻ + 8H₂O.

Sauran abu ɗaya, kada ganin O₂ a ƙarshen alamar sinadari ya ruɗe ka. BaO₂ da Na₂O₂ feroksayid ne na gaskiya, amma MnO₂ da PbO₂ ba su ba ne, oksijin ɗinsu −2 ne, ƙarfen kuma +4. Daga BaO₂ ne Louis Thénard ɗan Faransa ya fara samar da haidirojin feroksayid a 1818, kuma idan ka duba BaO₂ + H₂SO₄ → BaSO₄ + H₂O₂ za ka ga babu lambar da ta motsa, don haka babu musayar elektiron a cikinsa. Sai ka gwada hannunka a kan 2Na₂O₂ + 2CO₂ → 2Na₂CO₃ + O₂, ka raba shi gida biyu a takarda, ka nuna mini atom nawa na oksijin suka hau, nawa suka sauka, kafin mu shiga aikin gobe.