Ɗigon jini a dunduniya

'Yar nan, saƙonki ya iso. Wai surukarki ta ce mai jego ba ta fita kafin arba'in, kuma ba a taɓa jinin jariri kafin suna, ke kuma asibiti sun ce ki kawo shi gwajin sikila, na ɗigon jini a dunduniya, shin wace al'ada ce gaskiya? Na yi murmushi, don mu da wanzami ke cire wa 'ya'yanmu beli suna 'yan kwanaki, yaushe muka fara tsoron ɗigon jini? Amma daga baya barci ya ƙaurace mini.

Akwai wani yayan babanki da ba ki sani ba. Biyu sun rasu a gabansa, shi ya sa Inna ta ɗora shi kan juji ran da aka haife shi, wai ko mutuwa ta raina shi. Ya fito ɓul-ɓul, kowa na cewa wabi ya ƙare. Yana wata shida, wani dare cikin hunturu, hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura suntum. Ko zane ya taɓa shi sai ya canyara ihu. Ni na riƙe fitilar ƙwai har asuba, Inna na gasa masa jiki da tsumma, Baba na tofi. Da safe wanzami ya ce saifa ce, ya yi masa tsaga a ciki. Idonsa ya yi rawaya, tafinsa fari fat. Bai kai yaye ba. Inna da Baba 'ya'yan wa da ƙani ne, ba wanda ya taɓa jin AS, wato mutum ya ɗauki gadon sikila a jini ba tare da ciwon ba. Kakarmu takan ce rashin sani ya fi dare duhu, sai da na tsufa na gane da mu take.

Yanzu an san cewa in uwa da uba duk AS ne, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato cutar sikila. Jinin da jariri ya fito da shi daga ciki yana rufe cutar watannin farko, shi ya sa ake ganinsa lafiya lau. In an gano da wuri, ana fara ba shi fenisilin tun yana wata biyu zuwa uku, ga allurar rigakafi, ga gidan sauro, zazzaɓi kuwa ba a kwana da shi a gida. A Najeriya kusan jarirai 150,000 ake haifa da sikila duk shekara.

Abin da ke ɓata mini rai, ku 'yan yanzu kuna kashe dukiya a lefe da dina, gwajin jini kafin aure kuma har takardar ƙarya wasu ke saye, alhali Kano ta mai da shi doka tun 2024. Ke da mijinki kun yi kuwa? Ba ki faɗa mini ba.

Surukarki kada ki yi musu da ita, uwa ce. Jibi in Allah ya kai mu zan zo barka, ni zan zauna da ita. Ki ajiye mini katin asibitin a kusa.