Tambaya da Amsa: Keɓe ma'ajiyar wucin gadi yayin gwajin manhaja

Tambaya, daga wani mai karatu a Kaduna: Na gina manhajar intanet da Django (tsarin gina shafukan intanet da harshen Python) wadda ke nuna farashin hatsi na wasu 'yan kasuwar Kawo, kuma na sa Redis (manhajar ajiye bayanai) a matsayin ma'ajiyar wucin gadi (cache, inda ake ajiye kwafin bayanai na ɗan lokaci) domin shafin ya riƙa buɗewa da sauri. Kowane gwaji yana wucewa lafiya idan na gudanar da shi shi kaɗai, amma da zarar na haɗa su, sai gwajin sabon farashin masara ya faɗi, yana nuna farashin da wani gwajin ya sa tun da farko. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, lissafinka ƙalau yake, gwaje-gwajen ne ke cin abinci a ƙwarya ɗaya. Django yakan ƙirƙiri rumbun bayanai na daban domin gwaji, kuma TestCase, ginshiƙin da ake rubuta gwaje-gwaje a kansa, yakan mayar da komai yadda yake bayan kowane gwaji, har ma wasiƙun imel yakan tare su kada su fita, amma ma'ajiyar wucin gadi ba ya taɓa ta. Abin da gwaji na farko ya ajiye yana nan daram har wa'adinsa ya cika, wanda daƙiƙa 300 ne, wato minti biyar, idan ba a sauya ba, alhali gwaje-gwajen kan ƙare tun kafin nan.

Mataki na farko shi ne a raba gwaji da Redis ɗin da manhajar ke aiki da shi. A buɗe fayil ɗin saituna na gwaji, ko a yi amfani da override_settings mai sauya saituna na lokacin gwaji kawai, a mayar da CACHES, wato saitin ma'ajiyar, zuwa LocMemCache, wanda ke riƙe bayanai a ƙwaƙwalwar kwamfutar da gwajin ke gudana a kanta. Sai dai wannan kaɗai bai wadatar ba, domin abin da ke cikinsa ba ya gogewa tsakanin gwaji da gwaji, saboda haka dole ne a kira cache.clear(), mai share ma'ajiyar, a cikin setUp, wanda ke gudana kafin kowane gwaji. Na fifita setUp a kan tearDown, mai gudana bayan gwaji, saboda kowane gwaji ya share wa kansa fage, ba tare da dogaro da wanda ya gabace shi ba.

A nan ake buƙatar taka-tsantsan, kuma jerin matakan yana da muhimmanci ƙwarai. Idan aka kira cache.clear() alhali saitunan suna kan Redis, umarnin FLUSHDB ne zai tafi, wanda ke share rumbun Redis ɗin baki ɗaya ba tare da duba KEY_PREFIX ba, wato alamar da ke bambanta bayanan manhaja ɗaya da na wata, ta yadda idan a nan ake ajiye bayanan shigar masu amfani, duk 'yan kasuwar za su ga an fitar da su daga shafin lokaci guda. Idan ya zama tilas a gwada Redis ɗin kansa, yana zuwa da rumbuna 16, daga 0 zuwa 15, sai a ware ɗaya domin gwaji kawai, kuma ba a kan sabar da jama'a ke amfani da ita ba.

Wasu za su ba ka shawarar DummyCache, wanda ba ya ajiye komai. Gwajin zai wuce, amma ban yarda da shi a irin aikinka ba, domin tambayar da ta fi damun mai sayar da masara ita ce ko tsohon farashi yana gogewa idan an sa sabo, kuma ma'ajiyar da ba ta riƙe komai ba za ta taɓa tona wannan kuskure ba.

Bayan gyaran, ka gudanar da gwaje-gwajen da --shuffle, wanda ya zo a Django 4.0 a shekarar 2021, domin ya cakuɗa jerinsu. Idan har yanzu wani ya faɗi, ka duba inda ka yi amfani da lru_cache na Python, mai ajiye sakamakon aiki don kada a maimaita shi, domin shi ma yana riƙe da nasa bayanan, kuma da cache_clear() ake share shi.